Ranar da Malam Sharafaddeen Ya Taka Feda Ba Takalmi

A Kankia, in ka ce kana neman mai kaɗa jita, sai a tsaya ana tunani. In ka ce kana neman mai feda, ko mai rake na bakin titi zai nuna maka layin su Malam Sharafaddeen da tsinin wuƙarsa, ya ƙara maka da shawarar ka ci abinci tukuna, don bayanin yana da tsawo.

Malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare. Shekara goma sha tara yana koya wa 'ya'yan mutane yadda wutar lantarki take bin waya. Jitarsa ta lantarki ce, ja, mai tabo a ƙugu. A gwanjo ya sayo ta a Kano tare da sifikarta mai nauyin rabin buhun gero. Da abin ya tsaya nan da ba wanda zai ji labarinsa. Sai ya gano feda.

Feda wani ɗan akwatin ƙarfe ne da bai fi gwangwanin kifi girma ba, da maɓalli a samansa. Ana jona shi tsakanin jita da sifika, mai kiɗa ya taka maɓallin da ƙafa, sai muryar jitar ta sauya. Malam ya tara goma sha huɗu. Akwai mai amsa-kuwwa. Akwai wadda ake lilo da ita da diddige tana kuka irin na yaron da aka yaye jiya. Akwai masu gurnani har uku, koriya da baƙa da ruwan ɗorawa, waɗanda ke mai da jita kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa, kuma Malam yana iya cinye awa guda yana bambance gurnanin wannan da na waccan.

Kiɗa kuwa guda ɗaya ya iya, wanda ya koya a waya, shi ma ba duka ba. Farkonsa yana zuba lafiya lau. Amma akwai wani wuri a tsakiya da yatsu huɗu za su yi tsalle lokaci guda, nan ne kullum ƙaramin yatsan Malam yake neman uzuri. Shi ya san da wurin. Abin da bai sani ba shi ne matarsa Karima ma ta san da shi.

Wata Asabar da hantsi yana tsaye gaban kabad ɗin gilashi na falo, yana goge fedojin ɗaya bayan ɗaya da tsohuwar hula, Karima ta shigo ta zauna a hannun kujera.

"Malam, ina son kabad ɗina."

"Ai ga shi nan, ba wanda ya ɗauke shi."

"Shekara biyu ke nan kwanukana da kulolina suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. Baffa saniya ya sayar ya yi mini kabad ɗin nan da abin da ke cikinsa. Jiya maƙwabciyarmu Fadimatu ta shigo, ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta tambaye ni ko caja muke sayarwa."

"Kwano ko a kwali yana nan kwano, Karima. Waɗannan kuwa ƙura da danshi kashe su suke yi."

"To in suna raye me suke yi?"

Malam ya juyo da murmushin da yake yi wa 'yan aji ɗaya. Ya ɗaga koriyar zai fara, ta ɗaga masa hannu.

"Na sani. Gurnaninta daga maƙogwaro yake fitowa, na baƙar daga ciki. Na haddace. Abin da ban taɓa ji ba shi ne ƙarshen kiɗan nan naka. Duk sanda ya kai wurin nan mai wuya sai ka taka wani akwati, ka jingine jita, ka fara lacca. Shekara huɗu. Ban ma sani ba ko yana da ƙarshe."

Maganar ta shige shi kamar allurar da ba a sanar da mutum ba. Da ya yi dariya da an wuce wurin. Maimakon haka ya ji bakinsa yana cewa daga nan har Katsina babu wanda ya san jita kamarsa, kuma in bai kai ƙarshen kiɗan ba don bai samu masu sauraron da suka cancanta ba ne.

"Madalla," in ji Karima. "Bikin ƙanina Sagir saura sati uku. Garinmu Ƙofa cike yake da masu sauraro. Ka kaɗa shi gaban jama'a daga farko har ƙarshe, ba tsayawa. In ka yi, na bar maka kabad har abada, ni ma zan riƙa goge maka su. In ka kasa, kwanukana su koma ɗakinsu."

"Su kuma fedojin fa?"

"Wannan kimiyya ce. Kai ka karanta."

Sati uku sun isa mutum ya horar da ƙaramin yatsa. Malam ya san haka, har ya rubuta wa kansa jadawali ya manna a bayan ƙofa. Sai dai a daren farko tambaya ta taso: mai amsa-kuwwa ce za ta riga mai kuka a jeri, ko mai kuka ce za ta riga ta? Wannan ta ci kwana tara. Aka sa kafinta ya yanko katako mai tsawon kamu uku da za a jera su a kai, katakon ya zo ba daidai ba, aka sake. Ana saura kwana biyu ya ɗora sifikar a babur ya kai wa Lawal mai gyaran rediyo, don a ɗaure mata hannunta da ke lilo.

Shagon Lawal nan ne majalisarsu. Malam bai ko zauna ba ya sanar da mutanen benci cewa ranar Asabar Ƙofa za ta ji abin da ko Kano ba a saba ji ba.

"Da masu gurnanin duka uku za ka?" in ji Lawal, kansa na cikin bayan sifika.

"Duka. Za a kwatanta su a fili."

"Ni dai duk ukun na ji su kamar babur ɗin mai kai madara in ya ƙi tashi."

"Kunne horar da shi ake yi, Lawal. Kai naka rediyo ya lalata shi."

Lawal ya ɗora ɗan sukudirebansa mai fitila a jikin ƙarfen sifikar. Fitilar ta kama ja. Ya ɗora a kan wayar da ke zuwa jita, ta sake kamawa.

"Malam, abin nan yana ja. Wuta na yawo a jikin ƙarfen, duk abin da ka jona da shi zai ɗauka, har tsirkiyar jitar. Bar mini ita zuwa Litinin."

"Litinin an watse da biki. Kuma ni za ka koya wa lantarki?" Malam ya ɗora ƙafarsa a kan benci yadda kowa zai gani. "Wuta ba ta kama mutum sai ta samu hanyar sauka ƙasa ta jikinsa. Ka ga takalmin nan? Tafin roba ne, kaurin yatsa biyu. Shekara huɗu ina kaɗawa da shi, ko cizon sauro ban taɓa ji ba. Darasin zango na biyu ne wannan, ka zo aji in ka samu lokaci."

Mutanen benci suka yi dariya, Lawal ya ɗaure hannun sifika ya miƙa masa ita. Abin haushin shi ne Malam gaskiya ya faɗa, ba kuskure ko ɗaya a cikin bayaninsa.

Saura matsala guda. Surukinsa Modibbo, mahaifin Karima, malami ne mai almajirai da littattafai, wanda in ya ji kalangu a unguwa yakan ɗauki sandarsa ya bi shanu. Bai kamata a ce mijin 'yarsa, ma'aikacin gwamnati, ya tsaya a ƙofar gidansa yana kiɗa kamar maroƙi ba. Malam ya kira ango Sagir, ƙanin Karima, a waya.

"Ka faɗa wa Baffa ba kiɗa zan yi ba. Nunin ilimin kimiyya ne, yadda lantarki ke sarrafa sauti."

"Yaya Malam, ni dai Adda ce mani ta yi kiɗa za ka yi, kuma wai ba ka iya ba."

"Ka faɗa masa yadda na faɗa maka. Sannan ƙura. Kayana ba sa shiri da ƙura. A yayyafa wa wurin ruwa sosai, ba irin yayyafin ganin ido ba."

Ranar Asabar kayan da za su shiga jaka ɗaya da kwali ɗaya Malam ya ɗaukar musu a-kori-kura. Ya ƙi zama gaba, ya hau baya ya rungume jita, da suka iso Kusada ya buga wa direba rufin mota ya rage gudu, wai saboda ramuka. Ba rami a wurin, masu shayi ne dai a jere.

Bayan la'asar suka isa Ƙofa. Filin da ke gaban gidan Modibbo, ƙarƙashin darbejiya, yana ƙyalli kamar za a dasa shinkafa. Goggo Mairama, yayar Modibbo, tana tsaye a gefe riƙe da ƙugu.

"Jarka shida, mijin ɗiyata," ta ce. "Ko ƙura ɗaya ta tashi ka kira ni in ji dalili."

Malam ya yaba mata ƙwarai. Ya shimfiɗa katakon, fedoji goma sha huɗu suka cika shi baki da baki, kowace da 'yar fitilarta. Aka tada janareta a bayan danga. Ya rataya jita, ya taka koriyar da takalminsa mai kaurin yatsa biyu, ya ja tsirkiya sau ɗaya. Awakin da ke cin ɓawon rake suka watse, wani zakara ya haye danga. Jama'a suka taru kafin a kira su. Mata suka cika bakin zaure da saman katanga, Karima a cikinsu ta harɗe hannu. Dauda mai kalangu, wanda aka ce ya dakata sai baƙo ya gama, ya koma gindin bishiya ya zauna da kalangunsa a hammata yana kallon katakon kamar an kawo wa garin sabon limami.

Malam ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Ya lissafa: in ya taka masu gurnanin uku tare a daidai wurin nan mai wuya, ko wanda ya ƙirƙiri kiɗan ba zai gane an yi tuntuɓe ba.

Sai hayaniya ta lafa. Aka buɗe hanya. Modibbo ne ya fito, da tabarau a hanci, Liman a damansa, dattawa huɗu a bayansu. Aka shimfiɗa musu tabarmi a busasshen gefe, taku uku daga katakon.

"Sagir ya ce mani ilimi za a yi," in ji Modibbo yana zama. "Na ce in kiɗi ne ba ruwana, amma ilimi ba a yin shi a ƙohwar gidana ina ciki kwance. Shi ya sa na ɗauko Liman."

Malam bai yi shawara da ƙafafunsa ba. Shekara ashirin duk sanda suka ga Modibbo abu ɗaya suke yi, yau ma shi suka yi: ta dama ta zare takalmin hagu, ta hagu ta zare na dama, safa ta bi. Ya durƙusa da jita a wuya ya kwashi gaisuwa, ya tambayi gajiyar biki, ya tambayi shanu. Sai da ya miƙe, sanyin laka ya ratso tsakanin yatsunsa, sannan fuskar Lawal ta faɗo masa a rai, da 'yar fitilar nan ja.

Modibbo ya dubi ƙafafun, ya dubi lakar.

"Malam, wurin da jiƙa. Maida takalminka."

Idon garin duka yana kansa. Liman yana kallo, dattawa suna kallo, dangin amarya da suka zo daga nesa suna kallo. Kowa ya san abin da ɗan mutunci yake cewa a nan, kuma Malam ya san tsarin: za a ce ka sa, ka ƙi, a sake cewa, ka sake ƙi, a na uku ka sa kana sunkuyar da kai.

"A'a, Baffa. Ina ni ina takalmi a gabanku."

Ya tsaya yana jiran ta biyu.

"Madalla," in ji Modibbo. Ya juya wajen Liman. "Ka gani ko? Boko bai ɓata shi ba. Bisimilla, Malam, muna saurare."

Malam ya saci kallon inda ya bar takalman. Babu su. Sagir yana ɗaga masa hannu daga bakin zaure.

"Na killace maka su ciki, Yaya Malam, kada awaki su ci."

Ya ɗora yatsa ɗaya a kan tsirkiya don gwaji. Kamar cinnaku goma sun yi shawara sun cije shi wuri guda. Ya janye hannun ya sosa kunne da shi, yana murmushi. Ya jawo jakar jitar da ƙafa ya hau kanta. Jakar ta yadi ce, tun ɗazu take shan ruwan Goggo. Ya gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya, duk da ya san sarai, shi da ya koyar da abin shekara goma sha tara, cewa wuta ba ta ƙidaya ƙafa.

Dabara ta zo masa: ya ja bayani har ƙasa ta bushe. Ya ɗauki makirufo ta wurin robarsa, ya yi minti ashirin a kan tarihin sauti. Ƙasa ba ta bushe ba. Darbejiya ta rufe ta ruf, kuma Goggo da ta ga gefe ɗaya ya fara fari ta zo da buta ta gyara.

"Bayani ya gamsar," in ji Modibbo. "Yanzu a nuna muna. An ce akwai ukku masu kama da juna amma ba ɗaya suke ba."

Ba hanyar gudu. Malam ya ce koriyar ke nan, ya ɗora babban yatsan ƙafa a kan maɓallin ƙarfe, ya ja tsirkiya. Jita ta yi gurnani, Malam ya tashi sama kamu guda ya dawo.

"Tsallen na cikin ilimin?" in ji Liman.

"Yana ciki, Allah gafarta Malam. Yana taimaka wa sautin ya fita."

Ya taka baƙar. Wannan karon gwiwarsa ce ta harba gaba, hularsa ta zamo kan ido. Ya taka ruwan ɗorawa, kafaɗunsa suka haɗu da kunnuwansa. Yara suka fara kwaikwayonsa a bayan dattawa.

Modibbo ya rufe ido yana nazari, kamar mai auna ruwayoyi biyu.

"Sake ta hwarkon. Ban kama bambancin ba."

Malam ya sake.

"To baƙar kuma, a jere da ita, kada in manta."

Ya sake. Gumi ya jiƙa masa babbar riga har ƙugu. Duk shekarun nan yana neman mutum ɗaya da zai zauna ya saurari bambancin fedojinsa da gaske, yau Allah ya ba shi, a gaban jarka shida.

Ya hango Karima. Ta ɗaga gira ta nuna masa jita da haɓa: kiɗan fa? Ya dubi tsirkiyoyi shida. Kiɗan minti uku ne, kuma duk minti ukun yatsunsa za su kasance a kansu. Ya yanke shawarar ƙara jan lokaci da feda ɗaya wadda ba ta buƙatar a taɓa jita.

"Wannan ta ƙarshe," ya ce, muryarsa na ɗan rawa, "sunanta mai maimaici. In ka taka sau ɗaya, tana ɗaukar abin da aka faɗa. Ka sake takawa, ta yi ta maimaita shi. In kana son ta yi shiru, taku biyu ne da sauri, a jere."

Ya zare wayar jita daga cikinta ya jona ta makirufo. Ya cije haƙori ya taka, ya sha cizon, ya daure. Fitila ta kama ja. Ya kawo makirufo kusa da baki, ya tattaro sauran darajarsa.

"Ni ne Malam Sharafaddeen. Daga nan har Katsina babu wanda ya san lantarki kama..."

Leɓensa ya taɓa ragar ƙarfen makirufon.

"Wayyo Inna!"

Ƙafarsa ta harba da kanta ta sauka a kan maɓallin. Fitila ta koma kore. Sifika ta buɗe baki da muryar Malam, tsaf, har da rawar da ke cikinta: Ni ne Malam Sharafaddeen. Daga nan har Katsina babu wanda ya san lantarki kama... Wayyo Inna. Ni ne Malam Sharafaddeen...

Taku biyu da sauri. Ya sani, shi ya faɗa yanzun nan. Ya kai ƙafa ya yi na farko, wuta ta cije shi, ƙafar ta gudo kafin na biyu, bakinsa ya ce "Ash". Taku ɗaya kuwa a wurin mai maimaici ba kashewa ba ne, ƙari ne. Zagaye na gaba ya zo da "Ash" a daidai bayan Katsina. Ya sake gwadawa, aka samu "Subhanallahi" a kan sunansa. Ya gwada da diddige, aka samu wani sauti da ba shi da harafi. Ya sunkuya zai zare waya da hannu, jita ta zamo daga kafaɗarsa ta faɗa kan masu gurnani, su ma suka sa baki.

"Innar tasa tana Rimaye," in ji Goggo Mairama. "A aika mata, ko ta ji daga can?"

Dauda mai kalangu ya yi iya ƙoƙarinsa saboda dattawa. Ya danne hannunsa a cinya. Amma abin yana zagayowa a kan lokaci, ba ya saɓawa, Wayyo Inna tana faɗowa daidai inda ake son ta. A zagaye na shida ɗan makaɗinsa ya taɓa fata a hankali. A na bakwai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. A na takwas 'yan matan amarya sun kafa da'ira suna amsa Wayyo Inna da tafi, ango Sagir ya zauna a ƙasa da sabuwar shaddarsa yana riƙe da ciki. Liman ya ja rawani ya rufe bakinsa, amma kafaɗunsa sun tona shi.

Malam ya tsaya a tsakiya, ƙafa cikin laka, yana sauraron kansa yana gabatar da kansa. Ya lura, don kunnensa horarre ne, cewa sautin ya fita da kyau ƙwarai. Bai taɓa jin mai maimaicin ta yi aiki haka ba.

Sai janareta ya yi tari ya mutu. Ta tsakanin karan danga ya hango zanen Karima yana komawa cikin gida. Ya ƙirga daga baya: sai da ta bari abin ya zagayo sau goma sha ɗaya kafin ta kashe janaretan.

Modibbo ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Na saurara da kyau, Malam. Ukkun nan masu gurnani, tsakanina da Allah ban ji bambanci ba. Amma wagga ta ƙarshe tana da amana. Abin da aka ba ta shi take maidowa, ba ragi ba ƙari." Ya dogara sanda ya miƙe. Da ya zo daidai surukinsa ya rage murya. "Da ka maida takalmin."

Malam ya durƙusa, don ko ba komai ƙafafun sun gaji.

"Baffa, sau ɗaya kuka faɗa."

"Kai ma sau ɗaya ka ƙi."

Dattawa suka wuce masallaci. Dauda ya karɓe fili, kuma har magariba kiɗan da ya samo ɗazu yake juyawa. Malam yana tsugune yana zare wayoyi Sagir ya zo, takalma a hannu ɗaya, wani abu naɗe a ɗaya hannun.

"Ka je ka gaya wa yayarka," in ji Malam, bai ɗago ba, "an yi kiɗa daga farko har ƙarshe, ba tsayawa, jama'a sun yi rawa. Sharaɗi ya cika."

Sagir ya shiga. Bai daɗe ba ya dawo.

"Adda ta ce jita aka ce ta yi kuka, ba kai ba. Ta ce gobe da hantsi za ta jera kwanukanta, kuma tana gode maka da ka riga ka kwashe mata kayanka da kanka har da ɗaukar mota." Ya warware abin da ke hannunsa. Buhuna biyu ne wankakku. "Ta ce ka zaɓi ɗaya, na zuba fedojinka."

Malam ya sa takalmansa tukuna, ya ɗaure igiyar a tsanake. Ya karɓi buhunan, ya ɗaga na farko wajen sauran hasken rana, ya murza bakinsa tsakanin yatsu, ya shinshina. Ya ɗaga na biyu.

"Wannan na taki ne, wannan na dusa," ya ce. "Kai a idonka duk buhu ne. Zauna, Sagir, in nuna maka bambancinsu."